Ɗakin wankin gyambon masu ciwon sukari a Garwa: abin da ya iya da abin da ya gagare shi

A cikin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Garwa, a arewacin Kamaru, akwai ɗaki guda da aka keɓe domin ƙafafun masu ciwon sukari, kuma a kansa nake son yin bayani, domin na daɗe ina kai kawuna wurin, na zauna a bencinsa, na ga yadda ake karɓar majinyata da yadda ake sallamarsu. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, tunda zan faɗi aibinsa kamar yadda zan faɗi alherinsa, amma duk wanda ke jinyar mai sukari a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere, zai iya ɗaukar abin da na gani ya auna wurin da yake kai nasa majinyacin. Hukuncina shi ne wurin ya cancanci a je. Ɗakin yana da tsabta, ma'aikatan suna da sakin fuska, amma abin da ya sa na yarda da su shi ne tun ranar farko suna neman amsar tambayar da dangi ke tsoron furtawa, wato ko wannan ƙafa za ta tsira ko za a yanke ta, kuma suna neman amsar ne da awo da gwaji kafin su naɗa bandeji.

Kawuna mai sayar da yadi ne, ya shekara da yawa da ciwon sukari, kuma yini yake yi a tsaye ko yana kai da kawowa da silifa. Gyambon ya fito masa a tafin ƙafar dama, ƙarƙashin yatsa na biyu, a wurin da kanta, wato fatar da ta taurare, ta yi kauri. Bai ji zafi ba ko kaɗan. Matarsa ce ta ga tabon jini a kan darduma. Kafin mu isa asibitin an riga an fasa kafso an barbaɗa garinsa a kan mikin, an kuma jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri dare da yawa, kamar yadda kowa ya ba da shawara.

Abu na farko da babbar nas ɗin ɗakin ta yi shi ne ta sa aka cire takalma duka biyu, ta duba ƙafar da ba a kawo ƙararta ba kafin ta taɓa mai ciwon, sannan ta ɗauki silifan ta juya shi tana shafa cikinsa da yatsa. Daga nan ta ɗauko wani siririn zaren roba da aka ƙera shi ya lanƙwashe idan nauyin da ya danna ya kai giram 10, ta ce: "Baba, rufe idonka, duk inda ka ji na taɓa ka ce mini." Ta danna a ƙarƙashin babban yatsa da wasu wurare na tafin ƙafa, kawu yana zaune shiru yana jiran ta fara, alhali ta riga ta gama. Wannan gwaji bai fi minti biyu ba, kayansa ba su da tsada, amma shi ne ya nuna mana cewa sukari ya kashe jijiyoyin ji na ƙafar, kuma mutumin da ƙafarsa ba ta ji zai iya taka ƙusa, ko ƙaya, ko simintin harabar masallaci da ranar watan Afrilu ta gasa, ko ya jingina dunduniya da salansar babur, bai sani ba sai ya ga jini ko ya ji wari. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, kuma babur ne abin hawan kowa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Mutuwar jijiyar ji ita ce ke buɗe ƙofar gyambo, amma ba ita kaɗai ke kai mutum ga yanka ba. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne ko jini yana isa ƙafar, kuma a nan ne na fi ganin hankalin ma'aikatan. Nas ɗin ta ɗora yatsunta a bayan ƙafa tana neman bugun jijiya, ta koma bayan idon sawu ta ciki ta sake nema, ta taɓa ƙafafun biyu da bayan hannunta don ta ji ko ɗaya ta fi sanyi, ta tambayi kawu ko ƙwaurinsa na yi masa ciwo idan ya yi tafiya har sai ya tsaya ya huta, ta kuma tambaye shi ko yana shan taba. Da ta samu bugun a wuraren biyu sai ta ce mana, "Alhamdu lillahi, jini yana zuwa, da sauran magana." Daga baya na gane nauyin wannan magana. Miki ba ya rufewa sai da jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma jini ne ke ɗauke da shi zuwa wurin ciwo, saboda haka ƙafar da jijiyoyinta suka toshe tana kama da gonar da aka datse wa hanyar ruwa: ko an zuba mata taki mafi tsada, ba za ta yi yabanya ba. Sukari, da hawan jini, da kitse a jini, da taba, da yawan shekaru, duk suna ƙuntata waɗannan jijiyoyi, kuma idan toshewar jijiya ta haɗu da ƙwayar cuta a ƙafa ɗaya, haɗarin yanka yana ƙaruwa fiye da yadda kowannensu zai yi shi kaɗai.

A nan kuma aibin wurin na farko yake, kuma shi ne mafi girma. Ba su da ƙaramar na'urar da ake ɗorawa a kan jijiya a ji motsin jini, wadda da ita ake auna hawan jinin idon sawu a kwatanta da na dantse. Idan sakamakon kwatancin ya gaza 0.9, alama ce ta toshewa. Idan kuma ya haura 1.3, sau da yawa alama ce cewa bangon jijiyar ya ƙandare, abin da ke yawan faruwa ga masu sukari da masu ciwon ƙoda. Yatsun nas, komai ƙwarewarta, ba za su maye gurbin wannan awo ba, musamman idan ƙafa ta kumbura har bugun ya ɓace a ƙarƙashin kumburi. Duk wanda suka yi shakkarsa sai su rubuta masa takarda ya je a yi masa hoton jijiya a wani wuri, wasu su je, wasu su koma gida saboda kuɗi. Idan kuma aka tabbatar da toshewar, aikin buɗe jijiya ya fi ƙarfin wannan ɗaki nesa ba kusa ba. Waɗanda na ga an ba su wannan shawara Yawunde ko Duwala aka ambata musu, wato mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare, da majinyacin da ba ya iya taka ƙasa. Na yaba musu da ba sa ɓoye wannan gaskiya, ba sa riƙe mutum suna karɓar kuɗin wanki alhali sun san wanki ba zai warkar da ƙafar da jini ba ya isa gare ta ba. Amma ɗakin da ya keɓe kansa ga wannan aiki bai kamata a ce ba shi da na'urar da ake riƙewa a tafin hannu ba.

Bayan jini sai zurfin miki. Nas ɗin ta kankare kantar da ta kewaye gyambon da wuƙar tiyata, kuma sai a lokacin muka ga cewa ɗan ramin da muke gani baki ne kawai, ƙarƙashinsa ya fi faɗi. Likitan ya shigo ya zura wani siririn ƙarfe da aka dafa a cikin ramin a hankali, ya ce ya ji ya taɓa abu mai tauri. Idan ƙarfe ya taɓa ƙashi a cikin mikin da ya kamu da cuta, akwai kyakkyawan zato cewa cutar ta shiga ƙashin, don haka aka tura mu hoton ƙashi, tare da gargaɗi cewa hoton farko yana iya fitowa lafiya domin lalacewar ƙashi takan ɗauki makonni biyu ko uku kafin ta bayyana a hoto. A jikin bangon ɗakin akwai zane na matakan da likitoci ke kira matakan Wagner, daga 0 zuwa 5: ƙafar da ke cikin haɗari amma fata ba ta fashe ba, sai miki na sama-sama, sai wanda ya kai jijiyar nama ko gaɓa, sai wanda ya tara mugunya ko ya ci ƙashi, sai ruɓewar yatsu ko wani sashe na ƙafa, sai ruɓewar ƙafar gaba ɗaya. Kowane majinyaci ana rubuta matakinsa a katinsa, ana kuma auna tsawo da faɗin mikin da ma'auni a rubuta. Kawu a mataki na 3 aka sa shi. Amfanin wannan rubutu shi ne yana hana kowa ruɗin kansa, domin mikin da bai ragu da rabi ba cikin makonni 4 na kulawa mai kyau da wuya ya rufe a kan kari, kuma alama ce cewa akwai abin da ba a gano ba tukuna.

Game da ƙwayar cuta, likitan ya zana layi da biro a kewayen jan da ya bazu a fatar, ya ce mu duba shi safe da yamma. Jan da ya wuce santimita 2 daga bakin miki ya fita daga sahun ƙaramar cuta, kuma idan zazzaɓi ya shigo, ko sukari ya ƙi sauka, ko wari ya canza, ko fata ta fara baƙi, ba a jiran ranar da aka ba mutum, a daren ake tahowa. Wannan darasi yana da muhimmanci ninki biyu a wurinmu: a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai an haɗa da ɗumi da kumburi, sannan lallen da mata ke ƙunsawa a ƙafa yana iya rufe canjin launin yatsa har sai abu ya yi nisa. Na ji nas ɗin tana roƙon wata dattijuwa, "Goggo, ki bar lallen nan a ƙafa, ki sa a hannu, ina son in riƙa ganin yatsunki." Binciken da aka wallafa a 2017 a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ya nuna cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu, fiye da rabin gyambunan suna kamuwa da ƙwayar cuta, kuma kusan kashi 20 cikin ɗari na masu matsakaiciya ko tsananin cuta suna ƙarewa da yanke wani sashe. Garin kafso da ake barbaɗawa ba ya isa inda cutar take, jiƙa ƙafa a ruwa yana sa fata ta yi laushi ta ƙara fashewa, sakiya kuwa a ƙafar mai sukari sabon miki ne a kan tsoho.

Sun kuma duba jikin da ke ɗauke da ƙafar. An yi gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, wanda ga yawancin manya ake son ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, kuma likitan ya fara tambaya ko akwai sikila ko ƙarancin jini, domin waɗannan suna iya karkatar da sakamakon. An yi gwajin ƙoda, saboda mai sukarin da ƙodarsa ta raunana, musamman wanda ya kai ga wankin ƙoda, yana cikin waɗanda suka fi kowa rasa ƙafa. An tambayi lafiyar idonsa, tunda wanda ba ya gani sosai ba zai iya duba tafin ƙafarsa ba. Aka mayar da kawu kan allurar insulin, abin da ya ƙi da farko saboda maganar da ke yawo cewa wanda ya fara allura ya kusa tafiya. Nas ɗin ta zauna ta yi masa bayani da haƙuri, ta nuna wa matarsa yadda za ta ajiye kwalbar a inuwa kusa da randa idan wuta ta ɗauke. Irin wannan zama ba ya cikin rasit, amma a ganina yana cikin mafi darajar abin da suke bayarwa.

Wankin kansa ba shi da wani abin mamaki: ruwan gishiri na asibiti, kankare mataccen nama, auduga mai tsabta, safar hannu sabuwa ga kowane majinyaci, kayan ƙarfe daga cikin na'urar dafawa. Ban taɓa ganin an yi ha'inci a wannan ba.

Aibi na biyu ya shafi ɗauke nauyi daga kan miki. Gyambon tafin ƙafa ba ya rufewa matuƙar ana taka shi, kuma ƙa'idojin da kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu sukari ke fitarwa tun 1999, waɗanda aka sabunta a 2023, sun fifita filasta mai tauri ko takalmi mai kaiwa gwiwa da majinyaci ba zai iya cirewa ba, ga mikin da ba shi da tsananin cuta ko toshewar jijiya. A wannan ɗaki babu ko ɗaya. Abin da suke yi shi ne su yanka soso mai kauri su fasa rami daidai mikin su manna, sannan su ce wa mutum ya huta. Faɗa wa ɗan kasuwa ya huta abu ne mai sauƙi, amma mutumin da ƙafarsa ba ta masa ciwo, kuma cefanen gida yana jiran cinikin yau, zai koma rumfa. Arewacin Kamaru ba ya rasa dukawa, Marwa ma ta yi suna da aikin fata, kuma ban ga abin da zai hana asibitin ya haɗa kai da baduku ɗaya ya koya masa ɗinka takalmi mai faɗin baki, mai laushin ciki, marar ɗinki a inda yatsu ke gugawa ba. Mu da kanmu muka nemi baduku daga baya, nas ɗin ta zana masa wurin da zai rarake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke haifar da haɗarin da ya fi kowanne yawa a bencin nan, wato jinkiri. Kuɗin wanki ɗaya ba shi da yawa, amma ana biyansa ne kowane zuwa, dangi ne ke sayen auduga da bandeji da magani, gwaje-gwaje da hoto kuma kowanne da nasa kuɗin, sannan ga kuɗin babur ko mota ga waɗanda ke tahowa daga Pitowa, ko Gidar, ko Lagdo. Cutar ƙashi da ba a cire ƙashin ba takan buƙaci magani na kusan makonni 6. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilun 2023 ya sauƙaƙa wankin ƙoda zuwa sefa 15,000 a shekara, ya kuma taimaki masu ciki da ƙananan yara, amma wankin gyambon mai sukari yana kan aljihun majinyaci. Asibitin ba ya ba da jimillar ƙiyasi tun farko, kuma wannan kuskure ne, domin iyali da suka san abin da ke gabansu za su iya sayar da akuya ko su tara gudummawa a kan lokaci, maimakon su katse jinya a tsakiya su ɓace, su dawo bayan wata guda da yatsu baƙaƙe. Akwai kuma waɗanda tsoro ne ke hana su zuwa, saboda sun ji an ce asibiti yanka yake yi, sai su zauna a gida har yankan ya zama dole, labarinsu kuma ya ƙara tsoratar da na baya. Kamaru ba ta rasa masana wannan ciwo ba, tunda Farfesa Jean Claude Mbanya ya shugabanci Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya daga 2009 zuwa 2012, amma tsakanin ilimin da ke Yawunde da tsohon da ke zaune a ƙauye da ƙafa a naɗe cikin tsumma akwai tazarar da ƙananan ɗakuna irin wannan ne kaɗai ke iya ragewa.

Wani ƙaramin cikas shi ne harshe. Katin majinyaci da takardar magani da Faransanci suke, hira kuma yawanci da Fulatanci. Babbar nas ɗin tana jin Hausa sosai, amma ranar da ba ta nan, dattijon da ba ya jin ɗayan biyun yana buƙatar ɗan rakiya mai fassara. Layi ma yana tsawo da safe, kuma mai sukarin da ya yi allura bai karya ba bai kamata ya daɗe a zaune ba, don haka a riƙe ɗan abin ci.

Hoton ƙashi na biyu ya nuna cewa cutar ta ci ƙashin yatsan kawu. Likitan ya tara mu ya ce, "Alhaji, idan muka cire yatsan nan yanzu, ina da kyakkyawan fata za ka ci gaba da tafiya da ƙafarka, idan muka jira, ban san inda za mu tsaya ba." Bai matsa masa ba, ya ba shi dama ya yi shawara da iyalinsa, ya kuma tura mu babban asibiti inda aka yi aikin, sannan muka dawo ɗakin nan don wanki har wurin ya rufe. Rashin yatsa ba abin murna ba ne, amma akwai bambanci mai girma tsakanin mutumin da ya rasa yatsa yana tafiya masallaci da ƙafarsa da wanda aka yanke wa ƙasan gwiwa, a wurin da ƙafar roba ke da wuyar samu da wuyar gyara. Abin da ya tsayar da yankan a yatsa shi ne jinin da nas ta samu yana bugawa a ranar farko, da ƙodar da ba ta lalace ba, da kuma cewa an gano ƙashin kafin cutar ta haura.

Ba su sallame mu da cewa an gama ba. Binciken 2017 ɗin nan ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda gyambonsu ya warke suna sake yin wani cikin shekara guda, kusan kashi 60 kuma cikin shekara uku, kuma wanda aka taɓa yanke wa yatsa yana cikin rukuni mafi haɗari, domin nauyin jiki ya koma kan sauran yatsun da ɗaya ƙafar. Saboda haka suka ba kawu ranakun dawowa a kankare kanta ko da babu miki, suka hana shi kai farce da kanta wurin mai yankan farce na kasuwa, suka ce ya riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya shafa mai a dunduniya lokacin hunturu saboda faso amma kada ya sa a tsakanin yatsu, kada ya ɗumama ƙafa a kaskon wuta, ya zazzage takalmi ya shafa cikinsa da hannu kafin ya sa. Wannan zuwa na dubawa shi ne mafi arha cikin duk abin da suke yi, kuma ɗakin yana karɓar mai sukarin da ba shi da miki ko kaɗan a yi masa gwajin zaren roba da na bugun jijiya. Sai dai ba su rubuta hakan a ƙofa ba, sai wanda ya tambaya a wurin yankan kati.